Kafin Alƙalami



A 'yan watannin nan tambaya guda ce ta fi yawan iso mini daga matasa, maza da mata. Wasu a saƙon waya suke turowa, wasu kuma su tare ni a ƙofar masallaci bayan an idar da sallar Juma'a. "Malam, an ce ana samun kuɗi da rubutu, ta ina zan fara?" Yawancinsu sun gama karatu, wasu har sun yi hidimar ƙasa, sun zaga ofisoshi da takardun neman aiki har takalmi ya suɗe. Abin da ya rage musu a hannu shi ne wayar salula da 'yar baiwar tsara magana. In na ɗan tona kuwa, sai in tarar dala suke hange. An nuna musu hoton wani yaro a Facebook da kwamfuta a kan cinya, an ce daga ɗakinsa yake rubuta wa Turawa, suna turo masa kuɗi duk mako.

Amsata ita ce, ana samu. Da alƙalami na biya kuɗin haya shekara da shekaru, da shi na sayi littattafan makarantar yara. Sai dai kuɗin farko da na samu, da na kusan duk marubucin da na sani, ba daga ƙetaren teku suka zo ba. Daga unguwa suka fito.

Waɗanda suka manyanta a cikinku za su tuna mai rubuta wasiƙa. A bakin gidan waya yake zama, ko a gindin bishiyar da ke ƙofar kotu, da ɗan teburinsa da benci. A kan teburin akwai biro biyu ko uku, da takarda mai layi, da ambulan, da kan sarki a cikin gwangwani, wanda ya ɗan samu kuma yana da tafireta. Ina yaro na sha raka kakata wurin wani daga cikinsu in za ta aika wa kawuna saƙo a Ikko. Tana zama sai su gaisa, ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce, "Iya, ta gaisuwa ce ko ta magana?" Domin kowace da kuɗinta. Sai sun daidaita, ta kwance bakin zane ta ajiye masa wani abu, sannan zai cire marfin biro. Daga nan ya yi shiru ya bar ta ta yi ta zuba, ta fara daga rashin lafiyar akuya, ta bi ta kan rikicin gona, ta dawo kan maganar da ta kawo ta, wato ɗan nata ya yi wata huɗu bai aiko da komai ba. Shi kuwa ya tsamo abin da ya kamata, ya tsara shi yadda ba zai ɓata ran ɗan ba, kuma ba zai ɓoye damuwar uwa ba. In ya gama ya karanta mata. Ta gyaɗa kai ta ce, "Haka nake nufi." Ta cika masa sauran kuɗinsa.

Wannan mutumin shi ne marubuci mai zaman kansa na farko da na taɓa gani. Ba shi da albashi, ba shi da ubangida. Ya je ya zauna a inda masu buƙata suke wucewa, yana sayar da abin da su ba za su iya yi wa kansu ba. Wayar hannu ta kashe kasuwar wasiƙa, amma mutanen da ke da abin faɗa ba su iya tsara shi ba suna nan, sun ma fi da yawa, domin yanzu kowace sana'a sai da rubutu take tafiya.

Ku duba kusa da ku. Matar da ke haɗa turaren wuta da humra a cikin gida, kayanta sun fi na kanti kyau, amma abin da take rubutawa a ƙarƙashin hoto a WhatsApp bai wuce "akwai kaya" ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da yake son aika wa abokan cinikinsa na Maraɗi da Agadas bayanin sabbin atamfofi. Mai makarantar kuɗi da ke son takardar sanarwa ga iyaye wadda ba za ta kunyata shi ba. Tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, tashoshin rediyo masu zaman kansu suka yawaita a Arewa, kuma kowane tallan minti ɗaya da kuka ji, wani ne ya zauna ya rubuta shi. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ga kuma tarin tashoshin YouTube masu shirya wasanni masu dogon zango, dukkansu kuwa labari suke ci. Ƙungiyoyi masu aikin lafiya da noma da ilimi kullum suna neman wanda zai mayar musu da takardun wayar da kai zuwa Hausar da mutumin ƙauye zai fahimta. Ga inda sabon shiga zai fara, domin waɗannan mutane za su iya ganin fuskarka, ka san shagonsu, sun san gidanku.

Akwai wata kasuwa guda a nan kusa, ita ma tana da ciniki, wadda nake roƙon ku ku kauce mata, ita ce rubuta wa ɗalibai kundin kammala karatu. Ana biya, ban musa ba. Amma wanda ka rubuta wa kundi yau, gobe shi ne malamin ɗanka, ko ma'aikacin asibitin da za a kai mahaifiyarka. Gyara wa ɗalibi kurakuran rubutunsa daban, yi masa aikin da za a ba shi shaida a kai daban.

To, maganar dala fa? Gaskiya ne akwai kasuwannin intanet irin su Fiverr da Upwork, inda mai neman a yi masa aiki da mai yin aikin suke haɗuwa. Amma a san cewa dillalai ne, kuma dillali ba ya aiki sai da la'ada. Fiverr kashi 20 cikin 100 yake cirewa, wato in ka yi aikin dala 5, dala 4 ce taka, kafin kamfanin da zai sauko maka da kuɗin zuwa asusunka na banki ya yanki nasa. Kuma ranar da ka buɗe rumfarka a can, za ka tarar da dubban mutane daga Indiya da Pakistan da Kenya da Filifin sun riga ka, kowanne da shaidar yabo daga ɗaruruwan waɗanda ya yi wa aiki, kai kuwa ba ka da ko guda. Mutum na iya yin wata uku ba wanda ya taya. Sannan tun da manhajar ChatGPT ta fito a watan Nuwamba na 2022, ƙananan rubuce-rubucen Turanci da a da sabon shiga ke farawa da su sun yi araha ƙwarai, domin na'ura na zubo irinsu cikin daƙiƙa kaɗan.

Abin da ya rage mana a wannan kasuwa, wanda ɗan Indiya ba zai ƙwace ba, shi ne Hausa. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, amma har gobe kamfanin da zai buga bayanin yadda ake shan magani, ko ƙungiyar da za ta faɗa wa manomi yadda zai yi feshi, sai sun nemi ɗan Adam ya duba, domin kuskure a nan rai ne. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sai dai a nan ne kuma nake yawan jin takaici. Matashi zai turo mini rubutunsa in gani, ya ce shi Bahaushe ne gaba da baya, amma bai bambance "ƙafa" da "kafa" ba, bai raba "baƙi" da "baki" ba. Zai rubuta "ya na" a rabe, ya haɗe "shi ne" wuri guda. In ka ce masa ina ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ, sai ya ce wayarsa ba ta da su, alhali allon rubutun Hausa kyauta ake saukewa. Jin Hausa a nono abu ne, rubuta ta bisa ƙa'ida wani abu ne da ake zama a koya. Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, akwai kuma littattafan ƙa'idojin rubutu a shagunan littattafai. Tela ba ya buɗe shago bai iya zare a allura ba. Wanda zai sayar da Hausa ya fara mallakar kayan aikinta.

Wasu kuma kan ce za su buɗe shafinsu na intanet su riƙa samun kuɗin talla. Wannan hanya doguwa ce. Tsarin tallan Google ba ya biya sai kuɗinka sun taru sun kai dala 100, kuma shafin da bai da dubban masu ziyara zai daɗe bai kai nan ba. Shawarata ita ce a ɗauki shafin a matsayin teburin baje koli. Ka zuba rubutunka biyar ko shida mafi kyau a kai, ranar da wani ya ce nuna mini aikinka, ka tura masa adireshi. Kwafo labarin BBC Hausa ko na jaridar Aminiya ka liƙa a shafinka ba rubutu ba ne, sata ce, kuma ba wanda zai ɗauke ka aiki saboda ita.

Bari in ɗan tsaya a kan 'yan'uwanmu marubutan labarai, musamman mata, domin su ne suka fi kowa gano hanyar mayar da rubutun Hausa kuɗi. Abin ya daɗe. Tun shekarun 1980 zuwa 1990, marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka daina jiran kamfanonin ɗab'i, suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu suna kai wa masu sayarwa a kasuwa. Matsalar wancan zamani ita ce bashi, domin sau da yawa sai an sayar da littafi sannan marubuci ya ga kuɗinsa. Yau kuma yarinya tana kwance a ɗaki da daddare, an ɗauke wuta, da babban yatsa take buga labarinta a waya, shafi bayan shafi. Ta saki shafuka goma ko ashirin na ɗanɗano kyauta, in labari ya kai inda rai ke so, sai ta ce daga nan na kuɗi ne, mai so ya biya ya turo shaidar biya a saka shi a zauren masu karatu. A ce mutum 200 sun biya naira 500, ka ga naira dubu 100 ke nan. Kuɗi ne, amma a tuna cewa wata uku ko huɗu ta yi tana rubutawa, ta sayi data, ta kai caji, kuma kafin mutum 200 su yarda su biya ta, ta yi shekara ko biyu tana rubuta musu kyauta har suka san hannunta.

Wannan kasuwa tana da ƙayarta. Mutum guda zai biya, ya fitar da littafin ya watsa a zauruka goma. Wani ya ɗauka ya karanta a tasharsa ta YouTube, yana karɓar kuɗin talla, mai littafi ba ta sani ba. Najeriya na da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, wadda ta shafi abin da ake yaɗawa a intanet, amma kafin doka akwai tsoron Allah. Mai karatu, littafin da aka ce na kuɗi ne ka karanta ba ka biya ba, gumin wata ka ci. Haka kuma a watan Nuwamba na 2023 manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a kai, ta rufe. Wanda bai ajiye kwafin aikinsa a wani wuri ba, bai kuma riƙe hanyar da zai iske masu karatunsa kai tsaye ba, ya ji a jikinsa. Rumfar haya ce, mai ita na iya tashinka ko yaushe. Sai kuma jarabawar da ba na so in tsallake. Kowa a harkar ya san rubutun batsa ya fi saurin kawo kuɗi. Ina roƙon ƙannena da 'ya'yana masu farawa, rubutu ba ya mutuwa, wata rana 'yarki za ta iya karatu.

Yanzu ga maganar da ta sa na ba wannan sharhi sunansa. Shekarun baya wata ƙungiya ta ba ni fassarar ɗan littafi mai shafi arba'in a kan lafiyar mata masu juna biyu. Wanda ya kawo aikin mutum ne mai fara'a, ya ce, "Malam, ka yi kawai, ba za mu ɓata ba." Na ji nauyin in tambayi nawa ne. Na yi kwana goma sha biyu a kai, har asibiti na je na zauna da wata ungozoma don in tabbatar da kalmomin da mata ke amfani da su da gaske, domin abin da likita ke kira da dogon suna, mace a karkara tana da sunanta gajere da kowa ya sani. Na miƙa aiki, aka yaba. Da na waiwayi maganar kuɗi sai aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Bayan wata biyu aka ce kasafin ya rufe. Na ga littafin an buga shi ana rabawa a asibitoci, na yi farin ciki da amfaninsa, amma ko sisi ban karɓa ba, kuma ba ni da ko layi guda a rubuce da zan nuna.

Tun daga ranar na koma ga abin da kakanninmu suka sani. In ka je wurin malami ya yi maka rubutu, akwai abin da ake ajiyewa tun bai tsoma alƙalami a tawada ba, shi ake kira kafin alƙalami. Ba rashin yarda ba ne, alama ce cewa magana ta ƙullu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Abin mamaki ne a ce marubuci, wanda sana'arsa rubutu, shi ne zai yi ciniki da fatar baki.

Yadda nake yi yanzu ba shi da wuya. In an kawo aiki, na duba shi tukuna, in ƙiyasta awa nawa zai ci, in haɗa da data da caji da zirga-zirga. Kada a raina wannan lissafi, domin a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Sannan in tura saƙo a rubuce, ko da a WhatsApp ne: aiki kaza, shafi kaza, kuɗi kaza, rabi kafin in fara, rabi ranar da na miƙa, zan kawo ranar kaza, gyara sau biyu yana ciki, abin da ya wuce haka sabon ciniki ne. In ya amsa da "na yarda", shi ke nan. Mai niyyar biya bai taɓa jin haushin wannan saƙo ba. Wanda ya ji haushi, gara ka san shi tun ba ka ɓata kwana goma sha biyu ba.

Na san abin da ke hana matasanmu, kunya ce da kara. Yaya za ka ce wa abokin babanka ya biya? Sai a yi aiki a sallame ka da "Allah ya yi albarka". Addu'a abar so ce, kuma akwai aikin da ya kamata ka yi don Allah, na masallacin unguwa, na marainiya mai neman tallafin karatu. Amma kai za ka zaɓa, da saninka. Wanda zai ci riba da rubutunka, ya biya, kamar yadda yake biyan mai ɗinki da mai gyaran mota. Akwai ladabin faɗa: "Baba, aikin naira dubu biyar ne, amma kai ka kawo uku." Ka girmama shi, ka kuma sanar da shi cewa abin yana da farashi.

Kafin alƙalami kuwa marubuci ake ba, ba shi yake bayarwa ba. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista don a ba ka aikin rubutu, ko ya buɗe aji na kwana uku ya ce daga nan dala za ta fara shigowa, ka riƙe kuɗinka. Haka wanda zai ce ka fassara masa shafi goma na gwaji kyauta. Gwaji sakin layi ɗaya ne ko biyu.

Kuma kada wanda yake da ɗan abin yi ya saki saboda rubutu. Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina ya shiga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, inda ya rubuta Ruwan Bagaja. Aikin ne ya nuna shi, aka kira shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, sannan a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ƙofar gasa har yanzu a buɗe take. BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016, kuma ko ba ki ci ba, kin koyi rubuta labari cikin ƙayyadaddun kalmomi, kin koyi cika wa'adi, waɗanda su ne abin da mai ba da aiki ya fi dubawa.

A cikin waɗanda suka yi mini waccan tambaya akwai wata 'yar maƙwabcina da ta gama kwalejin ilimi. Na ce mata ta manta da dala tukuna, ta lissafo mata biyar masu sana'a a layinsu, ta rubuta wa ɗaya tallan kayanta ta nuna mata. Ta zaɓi mai turaren wuta. Ta je ta zauna da ita yini guda, ta ga yadda ake jiƙa itace, ta ji sunan kowane haɗi da wanda amare suka fi so. Ta rubuta gajerun talla guda bakwai, na kowace rana ɗaya. Matar ta karanta na farko ta ce, "Wallahi kamar kin shiga zuciyata." Suka daidaita a kan naira dubu uku duk mako, dubu ɗaya da ɗari biyar a hannu. Jiya ta zo ta nuna mini wani ƙaramin littafi mai bango ja da ta saya da kuɗin farko. Ta ja layi ta raba shafin gida huɗu: sunan mai aiki, ranar miƙawa, abin da aka bayar, abin da ya rage. Sunaye uku ne a ciki yanzu, na ukun mai makarantar Islamiyya ne da yake son a tsara masa takardar gayyatar saukar karatu kafin ƙarshen wata.